Ranar da Bel Ya Tsinke

Injin niƙana yana bakin kasuwar Zuru,
ƙarƙashin ɗorawar da ta daina 'ya'ya.
Tun hantsi mata ke jera kwanuka,
dawa, masara, jiƙaƙƙen waken ƙosai,
in ja igiya, ya yi tari sau biyu, ya kama.

Ba don kuɗi nake son ƙararsa ba.
Ita ce ke toshe bakin wata ƙara
da ta biyo ni daga gonarmu ta bayan Ribah,
ranar da na fita da ƙanena Filimon
na dawo da fartanyarsa.

Shekara biyu ina niƙa hatsin mutane,
in dare ya yi, ni ake niƙawa.
In kwanta ina ƙirga azarar ɗaki,
goma sha ɗaya, kullum goma sha ɗaya.
Na bar zuwa sujada.
Mai bishara Barnaba ya zo sau uku,
na ƙara wa injin wuta
har ya gaji da motsa baki, ya hau kekensa.

Sai wata Laraba bel ya tsinke.
Babu irinsa a gari, sai an aiko daga Kwantagora.
Shiru ya faɗo mini kamar katanga.
Mata suka kwashe kwanukansu,
ban da wata tsohuwa daga Dabai, Kaka Tabita,
mai ƙullin dawar da bai cika mudu ba.
Ta ce gwiwa ta ƙi, bari ta huta.
Ta zauna kan buhun dusa,
ta dubi hannuna yana rawa, ta ce,
"Nawa uku ne. Naka nawa?"
Na ce, ɗaya.
Ta ce, "Ɗaya ma kaya ne.
Wa ke kama maka in za ka sauke?"

Ban amsa ba. Ita ma ba ta jira ba.
Ta rufe ido, ta yi magana da Yesu
kamar mai kiran maƙwabci ta kan danga,
rabi da Hausa, rabi da harshen kakanninmu:
"Kai ma an huda ka ba da laifinka ba,
ba sai na yi maka bayani ba.
Ga yaron nan. Wuyansa ya gaji."

Shi ke nan addu'ar.
Ta ɗauki dawarta, ta ce za ta daka da hannu.

A daren na durƙusa, gwiwa ta manta yadda ake yi.
Ban yi ladabi ba, na faɗa masa duka:
gudun da na yi ban waiwaya ba,
addar da na wasa na ajiye ƙarƙashin tabarma,
har fushin da nake yi da shi kansa.
Bai katse ni ba.
Da magana ta ƙare, na ji ɗakin
ba ni kaɗai ne a ciki ba.
A azara ta bakwai barci ya ɗauke ni.

Filimon bai dawo ba.
Wasu dararen har yanzu suna da haƙora.
Amma salama ba da ganga ta zo ba,
kamar gari ta zo, mai sauka a gira,
a gashin hannu, a bakin hula,
ba ka sani ba sai wani ya ce ka yi fari.

Bel ya iso ranar Asabar.
Yanzu da tsakar rana ni da kaina nake kashe injin,
in zauna, in ji kurciya a kan ɗorawa,
in ce, Ubangiji, kama mini.

Addar na mayar da ita sarar itace.
Fartanyar kuwa na sa mata sabuwar ƙota,
na shuka kuɓewa layi huɗu a bayan majami'a.
Jiya ta fara fure.